Kwanar Armiya'u

Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Oktoba na 2025, da hantsi, ina zaune a ƙofar gida ina ɗaure ƙafar tabarau ɗina da zare, wayata ta yi ƙara. Jabiru ne, babban ɗan Alhaji Armiya'u na Tungar Mahmuda. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Baba, Alhaji ya cika. Bayan azahar za a yi mashi sutura." Na Allah muke dukkanmu, kuma wurinsa kowa ya dosa. Na ajiye wayar bisa tabarma.

Armiya'u, na je jana'izarka. Kafin liman ya ta da kabbara, abin da na yi shi ne na waiwaya na ƙirga sahu. Goma sha ɗaya na samu, ban da waɗanda suka tsaya a bakin kwalta don fili ya cika. Direbobi sun ajiye motoci tun daga Kaura Namoda, makiyaya sun zo daga wajen Jangeru da sandunansu, na ga mutanen Dauran da na Kasuwar Daji waɗanda ban san ka san su ba. Ana ta kuka, ni kuma ina tambayar kaina sahu nawa za a yi ranar tawa. Kunya ta kama ni, amma gaskiya ke nan. Na yi kishinka kana raye, na kuma yi kishinka kana kwance cikin makara.

Abu biyu suka sa na ɗauki alƙalami. Na farko, in janye wata magana da na shekara arba'in da biyu ina yaɗawa a kanka, in janye ta a bainar jama'a kamar yadda na yaɗa ta. Na biyu, akwai abin da kai ka sani, ni nake bukata, ka aiko in zo in karɓa na ƙi zuwa. Yanzu dole in neme shi wurin jama'a, kuma lokaci ya ƙure mini.

Benci ɗaya muka zauna a firamare, ni Shu'aibu ɗan Wakilin Marken Dutse, kai ɗan manomi daga Tungar Mahmuda, ƙauyen da a lokacin gidajensa ba su kai ashirin ba. Ni nake zuwa na ɗaya. Kai kuwa in malam ya ce ka karanta, sai ka yi ta zufa kamar mai huɗar dawa. Daga aji huɗu mahaifinka ya cire ka, ni na wuce har kwalejin horon malamai a Sakkwato. Da na ji ka shiga leburorin hanya, kana jan sarƙar awo bayan safiyo, har tausayinka na ji. Ban san tausayin nan zai koma wani abu dabam ba.

Matasan yanzu sun ɗauka hanyar da ta tashi daga wajen Kaura ta nufi Shinkafi ta ƙauyukanmu haka Allah ya halicce ta. A'a, wuri uku ta zauna, ɗaya bayan ɗaya. Ta farko burtali ce, ta fatake da shanu, ta tsakiyar Marken Dutse ta bi, ƙarƙashin babban marken da garin ya samo suna. A nan ayari ke yada zango, kakannina ke sayar masu da fura da harawa. Da aka zo zamanin gyaɗa, ana son manyan motoci su kai ta tashar jirgin ƙasa a Kaura, sai aka yanka hanyar burji ta yamma da gari, ta gefen fadama. Da rani lafiya lau. Da damina kuwa Rafin Ɗorawa na kawowa shi ke nan, a sa shinge a rufe hanya, motoci su yi kwana da kwanaki suna jiran laka ta tsane.

Wannan hanyar ta burji ce ta hana ni ganin gawar mahaifiyata. A daminar 1971 annobar amai da gudawa ta shigo, ta ɗauke Inna Uwani cikin yini ɗaya. Ina Sakkwato. Kafin labari ya iske ni, kafin hanya ta buɗe, kwana goma sha tara sun wuce. Da na iso, mahaifina ya ce mini kawai, "An kai ta makwancinta, sai haƙuri." Na ƙetare rafi na je maƙabartar gari, na tsaya gaban sababbin kaburbura na yi mata addu'a. Kai a lokacin kana barikin leburori kusa da garinmu, ka zo ka yi mini gaisuwa, ka ɗan zauna gefe ka tafi.

Cikin shekara goma sha biyu ka tashi daga mai jan sarƙa ka zama helma, shugaban leburori. Abin da ya ɗaga ka kuwa wani abu ne da ba a koyarwa a aji. Sai ka durƙusa ka ɗebi ƙasa, ka tofa mata yawu, ka mulmula ta tsakanin yatsu, ka ce wannan za ta riƙe kwalta, waccan za ta haɗiye ta cikin damina biyu. Injiniyoyi masu digiri su kai ƙasar a gwada, su dawo su tarar maganarka ce. Har ya kai ba sa kafa fegi sai sun ce a kira Armiya'u. Ni da takarduna ina koyar da yara tara sau tara, kai ana buɗe maka ƙofar mota. Tun daga nan zuciyata ta fara ɗaci.

A 1983 aka zo zuba kwalta. Aka ce za a bar fadama, a hau tudu. Marken Dutse kuwa a matse yake, dutse ta gabas, fadama ta yamma, wuri ɗaya kaɗai hanya za ta iya bi ta kusa da gari, wata saura ta mahaifina mai yawan sabara da geza wadda bai taɓa yarda a noma ba. Nan aka kafa fegi, miƙe sambal. Garinmu ya yi murna kamar sallah. Mata suka fara shawarar wa za ta yi tuwo, wa za ta yi ƙosai, wani ma har ya fara buga tubalin shago. Bayan mako biyu aka zo aka tuge fegin nan kaf. Da muka sake ganinsu, sun zagaya bayan dutse, sun yi wata doguwar kwana ta mil uku, sun bi ta ƙofar Tungar Mahmuda. Dalilin da aka ba mu shi ne helma ya mulmula ƙasar saurar ya ce ba za ta riƙe kwalta ba.

Kowa ya san abin da ya biyo baya. Tungarku ta samu tasha, ta samu kasuwar Laraba, daga baya sakandare da asibitin sha-ka-tafi. Garinmu kuwa, garin da fatake ke kwana, ya koma bayan dutse, sai babur ke shigarsa. Samarinmu suka kwashe suka koma can, 'yan matanmu aka aurar da su can. Direbobi suka sa wa wurin suna Kwanar Armiya'u, sunan ya bi bakin kowa, har 'yan kamasho a tashar Kaura na kiran fasinja da shi. Na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa a Zurmi da Shinkafi da Kaura, na yi hedimasta a makarantu huɗu, ko rijiya ba a kira da sunana. Duk lokacin da na hau mota na ji ɗan kamasho na ihun sunanka, sai in ji kamar an watsa mini barkono.

To, ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Takardar koken da aka aika Sakkwato a ƙarshen 1983, wadda ta ce helma ya karkatar da hanyar gwamnati zuwa ƙofar gidan ubansa, wadda aka sa wa hannu da sunan al'ummar Marken Dutse, ni na rubuta ta. Ni kaɗai, ba wanda ya sa ni. Na zauna na zaɓo kalmomi masu kaifi, na yi mata kwafi uku da hannuna, ina jin daɗin yadda ta tsaru. Aka kira ka, aka tambaye ka, ka ce ƙasar ce ba ta da kyau, ba ka ƙara ko kalma ba. Ba a tashi hanyar ba don aiki ya yi nisa, amma kai an sauke ka daga helma, an tura ka gadin gireda da katafila a wani fili kusa da iyaka, shekara shida. Mahaifina ya kira ni sau ɗaya ya ce, "Shu'aibu, ka bar maganar hanyag ga." Na ɗauka tsufa ne. Ya rasu a 1988, wasiyyarsa guda, kada a noma saurar nan, mu kuma muka ce tsoho na tsoron iskoki.

Da ka dawo, na zaci za ka ɗauke mini kai. Ina! Duk inda ka hango ni sai ka tsaya, ka washe baki ka ce, "Hedimasta, yaushe za ka zo ka sha iskar kwalta?" Kowace shekara in mangwaron gidanka ya nuna sai an kawo mini kwando. Ina ci ina zaginka a zuci. A majalisa kuwa, in aka yabe ka, sai in gyara murya in ce, "Ai mutumin kirki ne, sai dai ya san inda gidansu yake." A yi dariya. Na faɗi wannan magana a wurin suna, na faɗe ta a wurin ɗaurin aure, na faɗe ta gaban ɗalibaina.

Kuma ana ta yabon naka, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Kai ne ka nace aka bar wa shanu mashiga a wurare uku, aka yi kwalbati mai faɗi, don kada burtali ya yanke, shi ya sa makiyaya ke kiranka nasu. Matan da ka ɗauka a tifa suna naƙuda ka kai Kaura, 'ya'yansu yau masu gemu ne, da yawa suna cikin sahun nan da na ƙirga. Shekarar da ruwa ya cinye gadar Rafin Ɗorawa, ka riga ka yi ritaya, amma kai ka shiga ruwa har ƙirji kana soka sanda, ka nuna inda za a yi ratse, motoci suka bi ta nan wata bakwai. Ka tsufa da shebur a bayan babur, in ka ga rami ka tsaya ka cike. Ko a shekarun nan da hanya ta zama abin tsoro, direba ba ya tashi sai ya ji labarin gaba, wayarka suke kira. Duk wannan na gani da idona, kuma kowane ɗaya ƙara mini ciwo ya yi.

A watan Agustan bana aka zo aka kafa sababbin fegi masu jan fenti. Za a faɗaɗa hanya, a cire kwanar, a miƙe ta cikin saurar mahaifina kamar yadda aka so yi da farko. Na yi farin cikin da na daɗe ban yi ba. Na ce Allah ya nuna mini ranar da za a shafe sunanka daga bakin 'yan kamasho. A makon da aka kafa fegin ka aiko Jabiru, kana kwance ba lafiya, ka ce in zo akwai magana. Na ce ina tafe, ban je ba. Ka sake aiko shi bayan kwana ashirin. Na ce masa, "Ka gaya wa babanka, shi da hanya ta bi ta ƙoharshi, shi ya fi ni sauƙin tahiya." Yaron ya sunkuyar da kai ya hau babur ɗinsa. Na zaci roƙona za ka yi in sa baki a bar maka kwanarka.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha, aka ce Hajiya Salima, matarka, na son ganina. Na tsaya a soron ciki, tana zaune daga bayan ƙofa. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyya. Sai ta ce, "Malam Shu'aibu, Alhaji ya bar man saƙo gare ka. Ya ce in ba ka zo ba har ta Allah ta kasance, in hwaɗa maka. Innarka ba ta maƙabartar ƙetaren rahi. Tana cikin saurar Wakili."

Na ce ta faɗa mini yadda aka yi. Ta ba ni labarin yadda ka ba ta shi. Ranar da Inna ta rasu rafi ya kawo, ba mai iya ƙetarawa da gawa, ana tsuga ruwa, mutane sun kulle kansu a gida don tsoron cutar. Gawa biyar ke jira, Inna, da leburori biyu baƙi, da wata tsohuwa marar dangi, da ɗan wani makiyayi. Ku huɗu kuka fita: mahaifina, da liman, da kai, da wani lebura mai suna Alamin, mutumin wajen Zurmi. A saurar kuka haƙa, kuka yi masu salla, kuka rufe. Kai ka shiga ramin ka karɓi Inna ka kwantar da ita. Mahaifina ya ji kunyar a ce Wakilin gari ya rufe matarsa a saura cikin baƙi kamar wadda ba ta da kowa, sai ya ce wa mutane kun ƙetare da su bisa gora. Da ya ga fegin 1983 a kan wurin, ya same ka a bariki yana hawaye, ya ɗora maka amana, kada katafila ta hau su, kuma kada in ji sai in ya zama dole. Ka je ka durƙusa gaban injiniya, ka mulmula ƙasar da ka san ta fi kowace kyau a yankin, ka ce ba ta da kyau.

Na ce, "Hajiya, takardar nan da anka kai Sakkwato, ni ar rubuta ta."

Ta ce, "Ya sani, Malam. An nuna mashi ita. Da yad dawo ya ce man, hannun Shu'aibu na, har yau ba wanda ya kai shi iya rubutu."

Armiya'u, ko a nan ma sai da ka fi ni. Shekara hamsin da huɗu ina ƙetare rafi ina addu'a a kan kaburburan wasu, kai kana wucewa ta bayan dutse ka san inda take. Hannunka ne na ƙarshe da ya taɓa ta, nawa bai samu ba. Na yi kishin tasharka da kasuwarka da sunanka a bakin direbobi, ashe abin da ya kamata in yi kishi a kai ban ma san da shi ba. Yanzu na sani, kuma ina yi. Ba zan ɓoye ba, ina jin haushin shirun da ka yi. Da ka zage ni sau ɗaya, da ka ce mini maƙaryaci gaban mutane, da na samu abin riƙewa.

Washegari na je wurin injiniyan da ke kula da sabon aikin. Yaro ne mai ladabi, ya ba ni kujera, ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce ba za su hau kabari da saninsu ba, amma ba za su iya tashin hanya a kan labari ba, sai an nuna masu wurin, sannan su ɗan goce ko a kewaye shi. Ya ce da an yanke dawa katafila za ta shigo. Daga nan na wuce saurar. Faɗinta ya kai filin ƙwallo uku, sabara ta kai ƙugu, ba tudu, ba fasasshen tulu, ba wata alama. Na zagaya har ƙafafuna suka gaza, na durƙusa na ɗebi ƙasa na mulmula kamar yadda kake yi, ba ta gaya mini komai ba. Hajiya ba ta san gurbin ba, Jabiru bai sani ba, limamin da ya yi masu salla ya daɗe da rasuwa.

Saboda haka ina shaida wa duk wanda ya taɓa jin maganata, a majalisa ko a aji, cewa ƙarya na yi wa Alhaji Armiya'u. Bai karkatar da hanya don gidansu ba. Mutanen Marken Dutse, in akwai wanda za ku yi fushi da shi kan shekarun da muka yi bayan dutse, gidanmu ne, ba nasa ba. Shekara shidan da ya yi yana gadin ƙarafa nesa da iyalinsa, alhakinsu na wuyana.

Allah ya jiƙan Alhaji Armiya'u, ya gafarta masa, ya yalwata masa kabarinsa ya haskaka shi. Ƙaryar nan guda da ya yi don ya kare matattu, Allah ya yafe masa ita, ya saka masa da rufin asirin da ya yi wa mahaifina. Allah ya karɓi kowane rami da ya cike da kowace mai naƙuda da ya ɗauka, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Salima, da Jabiru, da Zulaihat, da Abdulrashid, da sauran 'ya'ya da jikoki, da mutanen Tungar Mahmuda baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa. Ni kuma ku yafe mini in za ku iya, in ba za ku iya ba ban ga laifinku ba.

Saura roƙo ɗaya. Cikin mutum huɗun nan da suka rufe Inna, Alamin kaɗai ne ba a tabbatar da rasuwarsa ba. Lebura ne a barikin Marken Dutse a 1971, an ce daga wani ƙauye yake a ƙasar Zurmi, yanzu zai haura saba'in da biyar. Direbobi, 'yan kasuwa, limamai, don Allah ku tambaya mini. In yana raye, ko yana kwance ne zan zo in ɗauko shi a bayana. A gaya masa ɗan Uwani na nemansa ya nuna masa inda uwarsa take, kuma dawa ta riga ta fara ja.